Tikiti Ya Ƙare, Kujeru Ba Kowa

A bayan akori-kurar makarantarmu muka yi wasan, a filin ajiye motoci, shi kuwa babban baƙo ya shiga ciki ya karanta wa kujeru jawabinsa. Har yau in na tuna sai na dara.

Lokacin ina kwaleji a nan Kaduna, shekarun da kuɗin mai suka fara hawa kan mutane. Muna da ƙungiyar wasan kwaikwayo, ni ne sarkin surutu a cikinta, kullum ni ake ba direban tasi ko dillali. Sai ga labari wai gwamnati za ta tallafa wa al'adu. Ita za ta biya hayar zauren taro, ta kuma cike kuɗin tikiti yadda talaka zai shiga da 'yan kwabbai. Muka yi ta murna kamar mu aka ba kuɗin. Muka shafe zangon karatu guda muna gwaji.

Babana tela ne a Unguwar Shanu, kuma a wurinsa wasan kwaikwayo shiririta ce ta 'yan boko. Da ƙyar ya ɗinka mana kayan wasa, yana yi yana tsaki. Ya ce zai zo ya gani da idonsa, in shashanci ne to na bar ƙungiyar ke nan, bayan makaranta in dawo kan keken ɗinki in koyi sa maɓalli. Ya kuwa rufe shago ran Asabar, ya saɓa babbar riga, ya taho da maƙwabtansa.

Ashe arahar nan ita ta kashe mu. Da ofisoshi suka ji tikiti ya yi sauƙi, sai kowane akawu ya aiki masinja ya kwaso masa dami guda, a kai wa oga, a kai wa matar oga, a kai wa abokin oga, wai ladabi. Su kuwa ogogin Unguwar Rimi me ya haɗa su da wasan 'yan makaranta da la'asar? Suka jefa a aljihun tebur. Mutanen Badarawa da na unguwarmu suka yi cincirindo a ƙofa, kowa da kuɗinsa a hannu, aka ce musu tikiti ya ƙare. Na leƙa ta labule, zaure fayau, fanka tana ta yi wa kujeru fifita. 'Yan tsirarun da ke ciki yaran manya ne da masu rainonsu.

Jami'in da ma'aikatar al'adu ta turo wani ɗan gaye ne mai faffaɗan wando da tabarau, sai shan ƙamshi yake. Malaminmu ya same shi a hankali.

"Ranka ya daɗe, a bar mutanen nan su shigo mana, ga wuri ba kowa."

"Malam, kujerun nan an sayar da su. In masu su suka zo, a kanka za su zauna?"

Ya ƙara da cewa ba a ɗaga labule sai babban baƙo ya iso, tunda gwamnati ce ta biya zauren. Sannan kafin magariba mu kwashe komatsanmu, don akwai walimar ban-kwana ta wani babban ma'aikaci. To ga rana tana ta yin ƙasa, baƙo ko ƙurarsa ba a gani ba. Ta taga na hango Baba a tsaye cikin rana, ya harɗe hannu a baya. Na san wannan tsayuwar, ta mai shirin juyawa gida ce.

Malam ya dube mu ya ce kowa ya ɗauki abin da ya shigo da shi. Muka fice ta ƙofar baya, direban makaranta ya sauke murfin akori-kura, muka haye. Jama'a suka juyo gaba ɗaya. Masu tabarma suka shimfiɗa, masu keke suka jingina, mai rake ya matso da baronsa. Ba lasifika, sai maƙogwaro.

Muna tsaka da yi marsandi ta iso, ta rasa wurin tsayawa. Babban baƙo ya sauka ya ratsa ta gefe, ɗan gayen nan yana gaba yana rawar jiki. Can sai muka jiyo muryarsa ta lasifikar zaure, wai burin gwamnati shi ne kai al'ada ƙofar talaka. Ni kuwa ina kan mota ina rigimar canji da fasinja. Na dakata, na kara hannu a kunne, na ce wa fasinjan ya yi shiru rediyo na magana. Filin ya kwashe da dariya. Baba ya sa hannun riga ya rufe baki, kafaɗunsa suna rawa.

A hanyar gida, da muka kusa shago, sai Baba ya dube ni.

"Kai, rigar nan ta matse ka a hammata. In za ku sake, ka kawo da wuri in buɗa ta."

Shi ke nan, ban koyi sa maɓalli ba. Ran Litinin kuma aka aiko wa makaranta da yabo, wai biki ya yi armashi, tikiti ko ɗaya bai yi kwantai ba. Ɗan gayen ma daga baya muka ji an ƙara masa girma.

Don Allah in ka karanta ka miƙa wa wani, musamman in ka san mai shirin raba tikitin rangwame ta ofis.