Haƙorin da Inna Ta Ajiye Mini

Tun ranar da na sauka a tashar Maradun da akwatina aka fara ce mini Likita, tun ranar kuma ban sake samun sukuni ba. A Sudan na karanta aikin haƙori, na gama lafiya lau. Amma wanda ya yi karatu a waje ba ya taɓa bakin kowa a ƙasar nan sai ya ci jarabawar hukumar likitoci, an yi masa rajista, sannan ya yi aikin horo a ƙarƙashin manya. Wanda ya yi gaban kansa aka kama shi, yana iya rasa lasisin gaba ɗaya.

To je ka yi wa mutanen garinmu wannan bayani! Ranar kasuwa zaurenmu cika yake da masu kumburarren kunci daga Janbako da ƙauyuka, wani har da kazarsa a hammata. In na ce ba ni da izini tukuna, sai su dubi juna. Ba a jima ba magana ta zaga gari, wai takardata ta bogi ce. Jarabawar kuwa ba kullum ake yin ta ba, dole in jira. Sai in buɗe littafi in rufe, in hau babur in tafi Talata Mafara ba gaira ba dalili, in juyo.

Ni ne ɗan fari, don haka Inna ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta ma haɗa ido da ni. In tana da magana, bango take fuskanta ta ce, "A ce ma wancan tuwo na hucewa." Shi ya sa ban lura da wuri ba. Sai da na ga ta daina cin goro, ɗakinta yana ƙamshin kanumfari, mayafi kuma ba ya barin kuncinta na hagu.

Ƙanwarta da ke aure a Bakura ce ta ja ni gefe. "Ɗana, hauren uwarka ya daɗe yana cin ta. Na ce mu tai asibiti Mahwara, ta ƙiya. Ta ce in an gan ta wurin wani likita, mi mutane za su ce ma ɗanta? Wai hauren ga naka na, kai za ka hidda shi."

Raina ya ɓaci, tausayi kuma ya kama ni. Kayan aikina suna cikin akwati, na fito da su na mayar ya fi a ƙirga. Kumburin kuwa ya fara hawa wajen idonta, na kuma san inda irin wannan yake kai mutum. In na cire, ina iya rasa aikin da take wannan haƙurin dominsa. In na jira, ina iya rasa ta.

Sai na tsaya a ƙofar ɗakinta, ni ma na fuskanci bango. Na ce, "A ce ma Inna, in ba ta tashi mun tai Mahwara yau ba, ni ko ba ni zuwa jarabawar." Can na ji ta ce a miƙo mata takalmanta.

Wata likita ce ta cire haƙorin a Mafara, ni ina waje ina ta safa da marwa. 'Yan garinmu sun gan mu a asibitin, surutun ya ƙaru, Inna kuma ta daɗe ko bangon ba ta ba wa saƙona.

Bayan na ci jarabawar aka yi mini rajista, na fara aikin horo. Wata safiya sai ga Inna da ƙanwarta a asibitin da nake aiki, ta yanki kati ta bi layi kamar kowa. Ta hau kujerar, ta rufe ido, ta buɗe baki a gabana, abin da ba ta taɓa yi ba. Ba abin cirewa, sai gurbin da wata likita ta bari, ya rufe sumul. Na duba na ce, "Ya warke, Inna."

Ba ta sauka ba. Ta juya wajen ƙanwarta ta ce, "Ki ce ma Likita shi ƙara dubawa, ba sauri nika yi ba."