Dutsen Taimama a Ɗakin Maza

Tafiyar nan ta ba ni wuya, ba zan ɓoye muku ba. Har yanzu bayana bai daidaita ba.

Mun tashi daga Darazo bayan sallar asuba, ni da tsohon ladanin masallacinmu. Gyambo ne a ƙafarsa ya ƙi warkewa, aka ce sai babban asibiti a Bauchi. Ba shi da ɗa namiji a kusa, asibiti kuwa ba a kwanciya sai da mai jinya. Liman ya dube ni ya ce, "Kai da ba ka aikin komai tun da ka ajiye tuƙi saboda ciwon baya, ka raka shi." Gaskiya ce, amma ta yi ɗaci.

Mota ta cika har da buhunan gero, direba yana faɗawa rami kamar da gangan. Ni da na yi shekaru a kan sitiyari, sai na kama bakina. Da muka sauka na shiga kasuwar Muda Lawal na sayi bokiti da tabarma da fulas. Tsada kam, sai dai addu'a. Masar Bauchi ce kaɗai ba ta ci amanata ba, da miyar taushe mai zafi. Daga nan keke ya kai mu asibiti.

Aka wanke ƙafar, aka naɗe, aka ce kada ya sauko daga gado, kada ruwa ya taɓa wurin. Azahar ta wuce, la'asar ta wuce, Baba ya juya fuska bango. Na kai masa kunu ya ture.

"Baba, ka sha mana."

"Mutumin da ke tashin gari salla, yau shi ne kwance ba tsarki? Ɗauke abinka."

Likita kuwa ya ce idan bai ci ba, maganin ba zai kama shi ba. Na fita bayan ɗakin ina huci, sai na yi tuntuɓe da wani dutse mai faɗi. Na wanke shi, ya bushe, na kawo. Baba ya shafa ya yi taimama, ya rama sallolinsa a zaune, sannan ya ce, "Ina kunun nan? Ko ka shanye?"

Na gadon kusa, wani Bafulatani da ya karye a ƙugu, ya ce a miƙo masa. Daga shi sai na gaba. Kafin mu bar wurin, duk lokacin salla ni ke zagayawa gado-gado da dutse. Wanda ba ya iya tashi in tallafe shi. Wani Kirista daga Tafawa Balewa ma yakan ce, "Mai dutse, zo ka juya ni, gefen nan ya mutu." In je in juya shi. Rabon da a kira ni don ana bukatata, na manta.

Ƙafa ta yi kyau, aka sallame mu. Dutsen na bar wa matar Bafulatanin da ke jinyarsa, na nuna mata gadajen da ke jira.

Mun iso gida da yamma, Baba yana ta barci a kafaɗata. Abin da na gano shi ne, ba bayana ne ya zaunar da ni ba, rashin wanda zan tashi dominsa ne.

Washegari bayan asuba na tsinci wani dutse a bakin rafi, na sa uwargida ta cika fulas da kunu, na nufi asibitin garinmu. Na tambayi ma'aikaciyar da ke bakin ƙofa, wane ne ba shi da mai jinya.