Moton Surukina a Hanyar Bune

Daga Gure

Ana sallame sallar asuba na tura moton, wato babur, zuwa bakin titi, don kada ƙararsa ta tashi mai shi. Na surukina ne, mahaifin matata Falmata, wanda nake kira Baba kuma ban taɓa haɗa ido da shi ba. Ta bakin Falmata ya aiko ni in kai wa mai gadin lambunsa irin albasa a wani kwari bayan Bune. Aikensa na farko ke nan a gare ni, don haka abu ɗaya na sa a gaba: in maido moton yadda aka ba ni shi.

A kan kwalta lafiya lau. Jandarman shinge ya duba takardu, ya dubi moton, ya ce, "Na tsoho ne wannan? Allah ya ba ka haƙuri." Na zaci gaisuwa ce.

Cikin rairayi

Ina sauka daga kwalta aka fara. Duk tudun da na tunkara, da na sa giya ta biyu na kai tsakiya, sai ta fice. Inji ya yi ta ihu a banza, moto ya tsaya, ni da buhun iri mu kwanta a gefe. In tashi, in kakkaɓe, in tura. A tudu na gaba ma haka. Wani makiyayi da ya gan ni tun hantsi ya sake iske ni wajen azahar, shi da raƙumansa, ya tambaye ni ko wani abu na yar nake nema. Na ɗaga moton na ci gaba da turawa.

Na kai irin dai da la'asar, na juyo Bune ina jan ƙafa.

Bune

Makaniken garin, Malam Bukar, ya duba sarƙa da wayar ambiriyaji, wato kuloci, ya zaga da moton, ya dawo.

"Haƙoran giya ta biyu sun cinye, cokalin da ke tura ta ma ya lanƙwashe. Sai an raba inji biyu."

"Malam, na surukina ne."

Ya ajiye sifana. "To ba zan taɓa ba sai ya ce."

Nan fa ake yin ta. Yaya zan kira Baba in ce masa motonsa ba shi da lafiya? Daidai yake da in ce ya ba ni ruɓaɓɓen abu. Na kira Falmata, ta gaya wa innarta, inna ta jira ya gama cin tuwo. Amsa ta biyo hanyar da ta bi: "Baba ya ce moto lafiyarsa ƙalau." Haushi ya ishe ni har na rasa wanda zan yi wa faɗa, sai na yi wa Falmata, ita kuma ta kashe waya.

A zauren Malam Bukar na kwana, bayan ya cika ni da tuwon gero da miyar kuka. Da safe na ce ya buɗe, laifin a kaina. Ya shimfiɗa buhu, ya jera kayan cikin injin kamar mai tallar goro, ya ciro haƙora da cokali daga wani mataccen inji, ya haɗa. Kafin azahar na hau tudun bayan kasuwa, giya ta zauna daram.

Komawa Gure

Tafiyar ta yi daɗi, amma hankalina bai kwanta ba, don na buɗe abin da aka ce mini lafiyarsa ƙalau. Na iske Baba a ƙofar gida bisa tabarma. Na cire takalmi, na durƙusa daga nesa. Bai dube ni ba, moton yake kallo, inda sabon mai ya jiƙa bakin injin.

Ya kira Falmata, ya yi mata magana kamar ba na wurin.

"Gaya masa shekara da shekaru da ƙafa nake danne giyar nan in zan hau tudu. Yanzu ƙafar ta daina jin maganata. Na rasa yadda zan ba mutum abu mai ciwo a matsayin kyauta. Tun da ya yi masa magani, ya tafi da abinsa."

Yini guda ina faɗuwa cikin rairayi saboda magana ɗaya da ni da shi muka kasa gaya wa juna. Haushin bai gama sauka ba, ga kuma ƙwalla.

Na gode wa Allah da ya maido ni lafiya, na gode wa Malam Bukar. Baba kuwa, na ce wa Falmata ta yi masa godiya. Ta ce a'a, wannan karon in je da bakina.