Gurbin Ɗan Fari

Aikin gona aka ɗauke ni in koyar a wata makarantar sakandare ta kwana a Birnin Kudu. Wata shekara shugaban makarantar ya kira ni ofis, ya ce daga ranar ni ne mai ba 'yan ajin ƙarshe shawara kan makarantar da za su nema gaba. Na ce me ya sa ni? Ya ce don ina da surutu, kuma wayata babba ce. Haka aka naɗa ni, ba ofis ba kujera, sai gindin wata darbejiya a bayan ɗakin gwaje-gwaje.

Aikin ba wuya gare shi ba, haushi gare shi. Ka tambayi aji guda abin da za su karanta, kowa likita. Yaron da in an yanka kaza yake kau da kai, likita. Wanda lissafi ke kayar da shi tun aji ɗaya, injiniya. Sai in zaunar da su a kan tabarma mu yi ta bajewa: ga jami'a a Kano, ga ta Dutse kusa da gida, ga kwalejin horar da malamai, ga makarantar koyon jinya, ga ta kimiyya da fasaha. Wacce ke son maki mai yawa, wacce ke da ɗakin kwana, wacce in garin kwakinka ya ƙare za ka iya shiga mota ka zo gida ka ɗebo. Nakan ce musu kada su zaɓi makaranta don ƙofarta ta yi kyau a hoto. Su yi dariya, mu je shagon kwamfuta a bakin titi, rabinsu su cika abin da na hana su.

A cikinsu akwai wani yaro ɗan Zandam, can ƙasar Gwaram. Gidansu gidan shanu ne da noma, Fulani ne da Hausa ta cinye musu baki. Dogo ne, mai shiru, kullum a gefen tabarma yake zama. Ranar da zagaye ya zo kansa na ce, "To kai ma likitan ne?"

Ya ce, "Na dabbobi, Malam."

Aji ya kwashe da dariya, wani ya ce allurar akuya. Na daka musu tsawa, na ce a cikinku duka shi kaɗai ya san abin da ya zo da shi. Wallahi har zuciyata na faɗa. Da muka keɓe ya ba ni labarin wata shekara da ciwon huhu ya shiga garkensu, suna kallo shanu na faɗuwa, mai maganin da aka kirawo daga kasuwa bai san abin da yake ɗura musu ba. Tun daga nan ya sa abin a ransa.

Mun ɗauki lokaci muna auna masa. Likitancin dabbobi a Zariya shekarunsa da yawa, makinsa da tsauri. Kimiyyar kiwo a nan kusa ta fi sauƙin samu, amma ba za ta ba shi damar duba saniya ya rubuta mata magani ba. Akwai kuma kwalejin da ke horar da ma'aikatan lafiyar dabbobi, gajeriyar hanya, aiki da wuri. Ni gajeriyar na so masa, don na san yadda dogon karatu ke cinye ɗan ƙauye. Ya sunkuyar da kai ya ce Kaka ya ce a nemi babbar. Kakansa ne ya riƙe shi tun yaye, shi ya kai shi firamare, shi ke zuwa ranar ziyara da fura a cikin jarka. Ban taɓa ganin uban yaron a makaranta ba, ban kuma tambaya ba.

Aka nemi babbar. Ya zauna jarabawar shiga jami'a, ya ci fiye da yadda na zata. Ana cikin jarabawar fita sakandare Allah ya yi wa Kakan rasuwa. Yaron ya je ya dawo, idanu sun faɗa, ya ƙarasa takardunsa. 'Yan ajin suka yi sallama da makaranta, kowa ya kama gabansa.

Sai da aka shiga rani sosai, an gama kai amfanin gona gida, sannan sunansa ya fito. Zariya, likitancin dabbobi. Mai shagon kwamfuta ne ya kira ni, na bar abincina a buɗe na hau babur. Da na gani da idona na kira yaron ina ihu kamar ni aka ɗauka. Na ce ya zo gobe mu amsa gurbin, sannan ya fara shiri, don jami'a ta sa ranar rufe rajista kuma ba ta jiran kowa.

Ya zo, muka amsa. Amma na lura murnar ba ta kai masa ciki ba. Na ce, "Me Babanka ya ce?"

Ya ce, "Ban gaya masa ba, Malam. Ni ne ɗan fari."

Na san kunyar ɗan fari. A gidanmu ma, gidan allo da littattafai, Innarmu ba ta taɓa kiran sunan yayanmu ba har ta koma ga Allah. Amma tasu ta wuce tamu nesa ba kusa ba. Uban ba ya kiran sunansa, ba ya zama da shi, ba ya tambayar abin da ya shafe shi. In yaron ya shigo uban ya fita. Uwar ta fi uban ma. Duk wata magana tasa Kaka ke ɗauka ya kai, ya kawo amsa, ko ma ya yanke da kansa. Da Kakan ya rasu, riƙon ya koma hannun Baffa, ƙanin uban. Shi kuwa Baffa ya bi shanu kudu, can wajen Taraba, ba zai dawo ba sai ruwa ya sauka.

Na ce ya aika ƙanwarsa ta faɗa. Ya aika. Yarinyar ta gaya wa uwar, uwar ta ce a gaya wa mai gida. Ta je ta gaya wa uban yana gyaran igiya. Bai ɗago ba, ya ce, "To." Shi ke nan abin da ya ce.

Yaron ya dawo mini da wannan "to" ɗin kamar an ɗora masa dutse. Ya ce ai ya gane, Baba ba ya so. Yana so ya zauna ya riƙe gona tunda Kaka ba ya nan. Na ce kai ka ji ya faɗa? Ya ce ba sai ya faɗa ba. Na ce to zan nemo masu taimako a gari, a haɗa maka abin rajista ka tafi. Ya girgiza kai. Ya ce ba zai sa ƙafa ya bar gida ba tare da an sa masa albarka ba, ko da kyauta za a koyar da shi.

Raina ya ɓaci. Ranar Asabar na cika babur da mai na kama hanyar Gwaram, daga nan na yanki ta Zandam. Na iske uban a ƙofar gida da maƙwabta, ana hira bayan azahar. Dattijo ne siriri mai fara'a. Ya sa aka shimfiɗa mini buzu, aka kawo nono da fura mai sanyi, aka yi ta gaisuwa har na fara gajiya. Yaron yana hango ni ya zagaya bayan gida. Da na samu sarari na ce, "Baba, na zo ne kan maganar ɗanka. Ya samu jami'a a Zariya, abin da yara da yawa ke nema ba su samu ba. Izininka ake jira."

Maƙwabtan suka sunkuyar da kai, wani ya hau tsintar tsakuwa. Dattijon ya dubi gefe ya ce, "Malam, wannan ai ba tawa ba ce. Yaron Baffansa ne. In ya dawo za a yi magana."

Na ce, "Baba, kafin ya dawo an rufe."

Ya ce, "Allah ya kai mu." Ya tura mini ƙwaryar gabana ya ce in ƙara.

Kai! Ji na yi kamar in kife furar. Na yi bayani, na sake, na ce wannan ba kamar neman aure ba ne da za a ce a dakata sai manya sun hallara, can kwamfuta ce, in ranar ta wuce ta wuce. Yana ta gyaɗa kai yana "haka ne, Malam", amma ko sau ɗaya bai tambaye ni wane karatu ba ne, ko ina Zariyar take. Na tashi na hau babur ina ta faɗa ni kaɗai har Gwaram. Na ce wannan wane irin uba ne, ɗa kamar wannan a yi masa riƙon sakainar kashi.

Muka koma neman Baffa a waya. Inda suke ba sabis, sai ranar da ya fito kasuwa. Da ƙyar muka same shi, muryar na yankewa. Ya yi murna ƙwarai, ya yi ta sa albarka. Amma ya ce maganar tura yaro wata ƙasa shekara da shekaru ba a yin ta a waya, kuma ba zai yanke a bayan idon yayansa ba. A jira shi, ai damina ta kusa. Na ce, "Baffa, wallahi ba za su jira ba." Ya yi dariya ya ce, "Haba Malam, makarantar guduwa za ta yi?" Layin ya yanke.

Uba ya ce na Baffa ne, Baffa ya ce sai ya ga uba. Babu wanda ya ce a'a. Ranar rufewa ta zo, ina aji ina koyar da yadda ake haɗa takin gargajiya, ina duban ƙofa kamar wani zai shigo. Babu wanda ya shigo. Da yamma na kira yaron, ya ce, "Ba komai, Malam, haka Allah ya so." Bayan ɗan lokaci na ji ya bi wasu samarin garinsu zuwa Legas, yana tura baro a kasuwa.

Ruwa ya sauka, aka yi shuka. Wata ranar kasuwa da hantsi yarana suka ce ana sallama. Na fito na ga dattijon nan tsaye a zaure, shi kaɗai, da sandarsa, ya sha babbar riga. Tambaya ya yi ta yi har aka nuna masa gidana. Muka gaisa. Ya leƙa waje ya tabbatar ba kowa, sannan ya matso ya rage murya.

Ya ce, "Malam, Baffan ya dawo, mun zauna. Na sayar da bijimi yau. Yaushe za a kai shi?"

Na tsaya ina kallonsa. Duk faɗan da na tanada masa tun rani ya bi ruwa. Na ce, "Baba, an rufe tuntuni. An ba wani gurbin."

Bai gane ba da farko. Ya ce ko a je a ba su haƙuri, shi zai bi ni, a gaya musu Baffan ne ba ya nan. Na ce ba wanda za a ba haƙuri. Sai ya zauna a kan dakali a hankali, ya ɗora sandar a cinyarsa.

Can ya ce, "Ranar da yarinyar nan ta gaya mini, ban iya cin abinci ba don daɗi. Na shiga gona na yi ta zagaye ni kaɗai. Amma wa zan gaya wa? Da ka zo, a gaban mutane ka tambaye ni, Malam. Ya zan yi in buɗe baki a kansa a gaban mutane? Na ɗauka kowa ya san ina so."

Na ce akwai wata shekara, ana iya sake jarabawa, kan yaron yana ja. Ya ce in yi duk abin da ya dace, shi dai a yi. Da zai tafi ya roƙe ni kada in ce shi ya zo, in ce Baffa ne. Na raka shi bakin titi, na tsaya har ya shiga motar Gwaram. Tausayinsa ya kama ni, da haushinsa, da haushin kowa.

Ban riƙe masa wannan roƙon ba, kuma ba na da-na-sani. Da la'asar na kira yaron. Hayaniyar kasuwa ta cika wayar, sai da ya nemi lungu. Na gaya masa komai: zuwan uban, da bijimin, da zagayen gona, kalma da kalma yadda ya faɗa. Na ce ya dawo, za a buɗe rajistar jarabawa, ni zan zauna da shi mu sake karatun daga farko.

Sai na ji ya yi wata 'yar dariya marar daɗi.

Ya ce, "Malam, Allah ya saka da alheri. Na san so kake ka sanyaya mini rai in dawo. Amma Baba ba zai taɓa faɗin haka a kaina ba."

Na rantse masa, na sake rantsewa. Na ce ya kira Baffa ya tambaya. Ya ce Baffa ma ai haka zai ce, duk sun ji kunya ne yanzu. Ya ce ana kiransa, an kawo kaya, ya yi mini sallama da ladabi. Aka buɗe rajista aka rufe, bai zo ba.