Sunan da muka yi wa dariya a Madakiya

Shekaru ana cewa abokina Bulus, wanda muka yi aikin reluwe tare a Kafanchan, ya mutu a Fatakwal. Ni dai ban taɓa yarda ba.

A 1991 aka haifa masa 'ya. Ranar suna a Madakiya, fasto ya ce a sa mata Grace. Bulus ya kafe sai sunan kakarsa, Swatkyang.

Na ce, "Mutumina, wane malami zai iya rubuta wannan?"

Ya ce, "Ya koya. Grace nawa ne a layinmu?"

Makon jiya na nemi Bulus Yohanna a Facebook, suka fito kamar taron coci. Sai na rubuta sunan yarinyar. Mutum ɗaya tak!

Ta amsa min: "Baba yana nan lafiya. Wai in tambaye ka, ashe ka iya rubutawa?"

Masu sunan gida, ku zo mu ji naku. Ni kam gobe sai Manchok, wurin Audu tela. Shi ne na ƙarshe da ya rantse min an binne Bulus.