Ranar da Dannau Bai Zo Ba

Safiyar ranar ba ta da laifin komai. Kasuwar Makarfi ke ci. Maza sun loda rake sun tafi tun da hantsi, ƙauyenmu na bayan Gubuchi ya rage sai mata da tsofaffi da ni, malamin firamare mai ritaya. Matata Hajara ta dama koko, ta ce sukari ya ƙare, tana yi mini kallon wanda ya shanye.

Ni mai dannau ne tun ina saurayi. Littafi ya ce ƙwaƙwalwa ce ke farkawa ta bar jiki yana barci. Tsofaffi suka ce aljani ne ke zama a ƙirji. Ko wane ne, ya kai buhun masara nauyi. In ya zo nakan ji gudu da ihun da babu su. Da daɗewa na gane maganinsa: in kwanta shiru, in ja Ayatul Kursiyyu a zuci, in jira. Hajara na jin nishina sai ta zo ta ja babban yatsan ƙafata. Shi ke nan, duniya ta dawo.

Bayan azahar na kishingiɗa a zaure, barci ya ɗauke ni. Ita ta shiga maƙwabta surfe.

Na fara jin babura daga wajen rafi, da yawa. Sai harbi, ɗaya-ɗaya, sannan a jere kamar ana toya gugguru. Wata ta ƙwala wa ɗanta kira. Na ce a raina, yau baƙon nawa da rana ya zo, har da makaɗa. Na ƙara runtse ido. Na kama karatu. Ko hannu ban gwada ɗagawa ba, don na saba ba ya ɗaguwa.

Warin hayaƙi ya iso. Dannau bai taɓa zuwa da wari ba, amma na ce ƙila ya ƙaro ilimi.

Sai aka ja yatsana.

Na buɗe ido. Ƙarar ba ta tafi ba.

Hajara ce. "Malam, tashi! Gudu!"

Muka haura ta katangar baya. Rumbunan unguwar na ci da wuta. Wani ya daka tsawa: "Ku tsaya nan!" Ba mu tsaya ba. Gonar rake na gabanmu, ina riƙe da hannunta. Aka yi harbi. Hannun ya yi nauyi.

Na ja ta cikin raken, ganye na yanka mini fuska. Babu wanda ya kira la'asar a ranar, amma inuwa ta nuna a daidai lokacin ne Hajara ta cika. Na zauna da ita har baburan suka yi nisa. Da magariba na isa Gubuchi ba takalmi. Washegari muka koma muka yi mata sutura.

A wurin zaman makoki matan suka gaya mini ai ta riga ta shige raken tare da su, sai ta juyo. Suka riƙe mata zane, ta fizge. Ta ce Malam ba ya iya tashi shi kaɗai.

Yanzu ina Makarfi, gidan ƙanena. Dannau bai fasa zuwa ba. In ya zo nakan kwanta shiru, in ja ayata, ƙafata a wajen mayafi.