Tambayar da Likita Ya Yi wa Inna

Ƙanena tela ne a unguwar Gidan Igwai, yana da hannu ƙwarai, har daga Arkilla ake kawo masa ɗinki. Yana da shekara ashirin da uku ya fara canzawa. Ya daina wanka, ya daina shiga cikin abokai. Wata rana na biya shagon na tarar ya cushe kunnuwansa da ƙyalle. Ya ce mini wasu mutane ne ke magana a cikin keken ɗinkinsa, suna zaginsa, suna faɗin duk abin da ke ransa.

Inna, mahaifiyarmu, ta ce sammu ne, ta ɗora wa telan da suke shago ɗaya. Na yarda da ita. Ni da ƙafata na je na ci mutuncin bawan Allah nan a gaban jama'a. Shekara biyu muka yi muna yawon ruƙiyya da hayaƙi da rubutun sha. Sai da ya daina cin abinci, wai muna zuba masa guba, sannan na dage muka kai shi asibitin ƙwaƙwalwa, ni da Inna da yayarta da muke kira Inna Babba.

Likitan ya daɗe yana tambayoyi: yaushe abin ya fara, yana barci, yana shan ƙwaya? Aka gwada jini da fitsari, ba a ga komai ba. Sannan ya dubi Inna.

"Hajiya, a danginku ko na mahaifinsa, akwai wanda ya taɓa irin wannan?"

"Babu," in ji ta, kanta a ƙasa.

Inna Babba ta juyo. "Ke, ji tsoron Allah. Ƙanenmu hwa da anka ɗaure can Dundaye?"

Ban taɓa sanin suna da ƙane ba. Ashe shekaru ya yi a wani ɗaki da mari a ƙafa, yana amsa wa muryoyin da ba wanda ke ji, har ya rasu. Inna ce ma ke kai masa fura.

Likitan ya ce sunan ciwon sikizofireniya. Yakan bi jini, amma ba kowa yake kamawa a dangi ba, kuma da an zo da wuri da abin bai yi nisa haka ba.

A hanyar gida, cikin keke mai ƙafa uku, na ce, "Inna, tun ranar farko kin gane?"

Ta ce, "In da anka ji, wa za shi aurenku?"

Ƙanena yana shan magani yanzu. Muryoyin sun ragu, yana ɗan taɓa ɗinki a gida, amma maganin na sa hannunsa rawa. Telan nan na je na ba shi haƙuri, ya ce ya yafe, bai ɗago ya dube ni ba. Inna kuwa duk Juma'a ina zuwa gaishe ta. Nakan durƙusa, ta amsa, sai in tashi in wuce ɗakin ƙanena in zauna can.